Wanda Ya Komo Hannu Rabbana: Matsayin Ɗan da Ya Dawo Gidan Ubansa a Ƙagaggun Labaran Hausa

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne a duba yadda ƙagaggun labaran Hausa suka ɗauki mutumin da ya bar gidan ubansa ya tafi nema, sa'an nan ya komo. Abin da ya jawo hankalina ga wannan batu kuwa a cikin aji ya faru. Ina koyar da littafin Kitsen Rogo na Abdulƙadir Ɗangambo ga ɗaliban shekarar ƙarshe, mun zo inda tauraron labarin ya koma ƙauyensu, sai wani ɗalibi mutumin Karakkai ta ƙasar Bunguɗu ya ɗaga hannu, ya ce da harshensu na Zamfara: "Malam, shi wanga laifi yay yi anka maido shi gida. To yayana da yag gama jami'a da bautar ƙasa, shekara ukku yana ɗakin zaure, shi wane laifi yay yi?" Ajin ya yi dariya, amma ni ban sami amsar da ta gamsar da ni ba, balle ta gamsar da shi.

Abin da zan yi ƙoƙarin nunawa shi ne, marubutanmu sun saba mai da komowa gida hukunci a kan halin mai komowar, watau ko dai sakamakon ƙwazonsa ko kuwa na laifinsa. Saboda haka mutumin da ya tafi da albarkar iyaye, ya yi karatun da aka aike shi, ya komo ba aiki, bai sami gurbi a labaranmu ba tukuna, alhali kuwa da wuya ka shiga unguwa a Gusau ko Tsafe ko Bunguɗu ba ka tarar da irinsa ba. Za mu fara da ma'anar zama gidan uba a al'adar Bahaushe, mu duba ire-iren masu komowa a littattafai, sa'an nan mu auna Kitsen Rogo da halin da ake ciki yau.

2.0 Zama Gidan Uba a Al'adar Bahaushe

Wajibi ne mu fara rabe aya da tsakuwa, domin kada mu ari damuwar wasu mu yafa. A ƙasashen Turai da Amurka, zaman baligi a gidan iyayensa shi kansa abin magana ne. Shi ya sa aka yi ta surutu a 2020, lokacin annobar korona, da cibiyar bincike ta Pew ta bayyana cewa kashi 52 cikin ɗari na matasan Amurka 'yan shekara 18 zuwa 29 suna zaune tare da iyayensu. A wurin Bahaushe kuwa, zama gidan uba shi ne asali. Yaro yakan girma, a yi masa aure, a yanka masa sashe a cikin gidan, ya haifi 'ya'yansa a nan, ba wanda zai ce ya gaza.

Abin da ya riƙe wannan zama shi ne gandu. Kamar yadda M. G. Smith ya bayyana game da ƙasar Zazzau a 1955, da kuma Polly Hill game da Ɓatagarawa ta kusa da Katsina a 1972, gandu yarjejeniya ce mai haƙƙi a kan kowane ɓangare. Ɗa yana yi wa uba aiki a babbar gona, uba kuma yana ciyar da shi da iyalinsa, ya biya masa haraji, ya ɗauki nauyin aurensa na fari, ya kuma ba shi gayauna wadda amfaninta nasa ne shi kaɗai. Idan rani ya yi, saurayi ya tafi cin rani, ya komo kafin ruwa ya sauka, da 'yar tsaraba ko ba ita, fartanyarsa tana jiransa.

Ke nan abin kunya a wurinmu shi ne mutum ya ci daga rumbun da bai zuba kome a ciki ba. Kalmomin da harshe ya tanada domin irin wannan mutum duk na zargi ne: raggo, cima-zaune, mai zaman kashe wando. Makaɗan noma na ƙasar Zamfara da Sakkwato sun daɗe suna yi wa raggo zambo a gaban jama'a ranar gayya, kuma a zamaninsu suna da hujja, domin gona tana nan, wanda bai duƙa ba shi ya ƙi. Wannan ma'auni ne ƙagaggun labarai suka gada daga adabin baka.

3.0 Ire-iren Masu Komowa

3.1 Mai komowa da ganima

Littattafan da suka fito daga gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933 sun kafa wannan tsari. A Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Alhaji Imam ya bar gida domin ya wanke wulakancin da aka yi wa wanda ya rene shi, ya shekara goma sha biyar yana yawo, ya komo da ruwan da ya warkar da ɗan sarki, da dukiya a kai. A Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, yaron da aka sace aka bautar ya komo ƙasar Hausa babban malami, almajirai suna kewaye da shi a Rauta. Ganɗoki na Bello Kagara shi ma da labarin jaruntaka ya komo. A duk waɗannan, komowa ita ce ranar buɗe kaya a tsakar gida, kuma labari yakan tsaya ne da zarar an ga abin da ke cikin kayan.

3.2 Mai komowa da tuba

Wannan shi ne Ibrahim na Kitsen Rogo, wanda kamfanin NNPC na Zariya ya buga a 1978. Ibrahim ya raina zaman ƙauye, ya nufi birni yana hangen daɗi, ya faɗa cikin miyagun abokai da aikata laifi, ya sha wuya, daga bisani ya koma gida a matsayin wanda ya gane kuskurensa. Sunan littafin kansa ya gama bayyana jigon: birni rogo ne da ake yi wa kallon kitse. A nan komowa magani ce, ƙauye kuwa shi ne asibitin.

3.3 Mai komowa da sharri

Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, ɗaya daga cikin littattafan gasar Ma'aikatar Al'adu ta Tarayya da aka buga a 1982, ya kawo nau'i na uku. Mailoma ya fita duniya ya komo da makami da mugun nufi, ya zame wa mutanensa annoba. Mai karatu a Zamfara ta yau ba ya bukatar a yi masa dogon sharhi a kan wannan littafi, kuma ya cancanci a sake nazarinsa da idon basira. Sai dai ta fuskar batunmu, shi ma bai fita daga tsarin ba, domin abin da Mailoma ya komo da shi hoton halinsa ne.

3.4 Komowar 'ya mace

Game da mata, al'ada ta tanadi hanyar komowa tun da daɗewa, watau yaji da zawarci. A wasan kwaikwayon Uwar Gulma na Mohammed Sada, Halima gidan iyayenta take nufa idan zaluncin Hayatu ya ishe ta. Marubuta mata na baya sun ƙara wata ƙofa, ita ce ta ilimi. A Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba Ramat Yakubu (1990), Abu ta kuɓuta daga auren dole ta hanyar komawa karatu har ta tsaya da ƙafafunta. Wannan ci gaba ne na gaske a adabinmu. Amma a lura, a can karatu yana kai mutum ga aiki kai tsaye. Yarinyar da ta gama kwalejin ilimi ta komo ɗakin uwarta, ba aiki, ba miji, maƙwabta suna ƙidaya mata shekaru, ba ta shiga lissafin ba.

Idan muka haɗa waɗannan duka, za mu ga zare ɗaya ne ya ɗinke su. Abin da mutum ya komo da shi, shi ne shaidar ko shi wane ne. Nagari ya zo da alheri, mai kuskure ya zo da nadama, mugu ya zo da masifa. Yawancin littattafan soyayya da suka biyo baya, idan sun ɗauko saurayi matalauci, sukan fid da shi ta hannun wani attajiri ko wata sa'a kafin shafi na ƙarshe, don haka talaucin nasa jarrabawa ce ta ɗan lokaci wadda ake ci.

4.0 Kitsen Rogo a Ma'aunin Yau

Ba adalci ba ne a zargi littafi da rashin ganin abin da bai faru ba a zamaninsa. Kitsen Rogo ya fito ne shekara biyu bayan gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin Ciyar da Ƙasa a 1976, lokacin da kuɗin man fetur ke jan samari daga gona zuwa birni, ƙasa kuma ta fara dogara ga abincin waje. Gargaɗin da ya yi a kan gaɓa yake, harshensa mai sauƙi ne, kuma har gobe yana da amfani ga yaron da ke shirin gudu daga gida. Abin da nake tuhuma shi ne yadda mu malamai muke ci gaba da miƙa darasinsa ga ɗalibai kamar ba abin da ya sauya. Darasin nan yana tsaye ne a kan duwatsun murhu uku, kuma ya kamata mu taɓa kowanne mu ji ko yana nan daram.

Na farko shi ne cewa mai barin gida da son ransa ya tafi, a kan rashin jin magana. Yayan ɗalibina kuwa aike aka yi masa. A shekarar 1976 ɗin nan dai aka fara shirin ba da ilimin firamare kyauta ga kowa, aka shiga ƙauyuka ana roƙon iyaye su ba da 'ya'yansu. Adabi ma ya sa baki: tun daga waƙoƙin Yaƙi da Jahilci na shekarun 1950 har zuwa Kadaura Babbar Inuwa ta Aƙilu Aliyu, an yi wa Bahaushe alkawari cewa ilimi inuwa ce. Iyaye sun karɓi alkawarin, wani ya sayar da sa, wani ya jinginar da gona. Yau a jihar Zamfara, wadda aka ƙirƙira a 1996, akwai Jami'ar Tarayya ta Gusau da aka kafa a 2013, da kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya a Ƙaura Namoda, da kwalejojin ilimi a Gusau da Maru, kowacce tana yaye ɗalibai duk shekara. Wanda ya fito daga cikinsu umurni ya bi, saboda haka maganar tuba ba ta taso ba.

Na biyu shi ne cewa wanda ya bi hanya madaidaiciya zai sami abin yi. A Gusau ta shekarun da aka rubuta littafin, wannan magana tana da ƙamshin gaskiya. Jirgin ƙasa da ya ratsa garin zuwa Ƙaura Namoda tun 1929 ya mai da shi kasuwar gyaɗa da auduga, akwai injin gurzar auduga, akwai masaƙa da aka kafa a shekarun 1960, gwamnati kuma tana neman malamai ido rufe saboda sababbin makarantu. Daga tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 abubuwa suka soma juyawa, har gwamnati ta kafa Hukumar Samar da Aikin Yi ta Ƙasa a ƙarshen wannan shekara. Masaƙar Gusau ta durƙushe tare da 'yan'uwanta na Kaduna da Kano. Shirin N-Power na 2016 ya ɗauki wasu masu takardu a kan naira 30,000 a wata, na ɗan wa'adi, wa'adin ya cika suka koma inda suka fito. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce rashin aikin yi ya kai kashi 33.3 cikin ɗari a ƙarshen 2020. Da ta sauya hanyar lissafi a 2023, ta riƙa ƙidaya duk wanda ya yi aikin awa ɗaya a mako cikin masu aiki, sai adadin ya faɗo zuwa 4.1. Ke nan saurayin da ke tsare wa ƙanensa teburin sayar da katin waya ranar kasuwa ya fita daga lissafin hukuma, kamar yadda tun farko bai shiga na marubuta ba.

Na uku, wanda ya fi nauyi, shi ne cewa gona tana jiran kowa. A Kitsen Rogo ƙauye wuri ne na aminci wanda ba ya sauyawa. A ƙasashen Bunguɗu da Tsafe kuwa, tun farkon shekarun 2010 satar shanu ta rikiɗe ta zama garkuwa da mutane, har ta kai manomi a wurare da dama ba ya iya zuwa gonarsa ta nesa, ko kuwa sai ya biya 'yan bindiga kafin ya shuka, ya sake biya kafin ya girbe. A watan Satumba na 2021 sai da aka katse layukan waya a jihar, aka rufe kasuwannin mako. Ko da ba wannan, gonar da kaka ya noma shi kaɗai an raba ta gado sau biyu, ta zama 'yan ƙananan fegi. Gandun da zai karɓi mai komowa, ya ba shi gayauna, ya yi masa aure, ya raunana ƙwarai. A wasu gidajen ma uban ne ya baro ƙauye ya kama hayar ɗaki biyu a Gusau, nan ɗan zai tarar da shi. Idan malami ya tsaya gaban ɗan wannan gida ya ce darasin littafi shi ne a koma gona, yaron zai rubuta domin ya ci jarrabawa, amma ya san ba da shi ake ba.

5.0 Abin da Ke Jiran Marubuci a Ɗakin Zaure

Mai yiwuwa wani ya ce ai zaman banza ba labari a cikinsa, domin labari tafiya yake so da faɗi-tashi. Ina ganin akasin haka ne, kuma duk wanda ya zauna a irin gidajen nan zai ba da shaida. A ɗauki kwanon tuwo kawai. Da, daga tukunyar gida ake zuba masa ba tare da kowa ya lura ba. Yanzu uwar ce take ɓoye masa nata rabo ta aika ƙanwarsa ta kai masa bayan isha'i, domin kada kishiya ta yi habaici. A ɗauki girma da ƙanƙanta: ƙanen da ya ƙi makaranta ya kama acaɓa shi ke kawo cefane, ya riga wansa aure, kuma idan za a yi shawara a gidan, Baba shi yake fara kira. Har yanzu ƙanen yana durƙusawa ya ce "Yaya, ina kwana," sa'an nan ya ajiye masa kuɗin sabulu a gefen tabarma ba tare da sun haɗa ido ba. A ɗauki uban kansa, wanda ya yi alfahari a majalisa ranar da aka kawo hoton ɗansa da rigar kammala karatu, yanzu kuwa idan aka tambaye shi labarin yaron sai ya ce ana nan ana addu'a, ya kawo wata magana. Ga kuma yarinyar da aka yi wa alkawari tun yana aji biyu, iyayenta sun gaji da jira.

Duk wannan rikici ne irin wanda wasan kwaikwayo da ƙagaggen labari ke nema, kuma ba mugu a cikinsa. Nan ne wahalar take ga marubucin Hausa, domin mun saba da jigon gargaɗi, inda dole a sami wanda za a nuna da yatsa. Shu'aibu Maƙarfi ya nuna a Jatau Na Kyallu cewa ana iya gina wasa sukutum a kan abin da ke faruwa tsakanin zaure da tsakar gida. Abin da ya rage shi ne a yi irin wannan gini ba tare da an ɗora wa tauraro laifin da zai halatta wahalarsa ba, kuma ba tare da an aiko masa da attajiri a babi na ƙarshe ba.

Ba ina cewa babu raggo a cikin masu takardu ba ne. Akwai wanda ya raina sana'ar hannu saboda ya sa rigar bautar ƙasa, kuma shi ma ya cancanci alƙalami. Haka kuma adabin Hausa na yau yana da faɗi, daga littattafan kasuwar Kano zuwa waɗanda ake karantawa a waya da fina-finai masu dogon zango, kuma zan yi murna idan mahalarta wannan taro suka nuna mini inda aka riga aka yi wannan aiki. Maganata a kan littattafan da muke sa wa ɗalibai a manhaja ce, waɗanda su ne ke gina tunanin malaman gobe.

6.0 Kammalawa

Mun ga cewa zama gidan uba ba aibi ba ne a al'adar Bahaushe muddin akwai gandun da mutum zai zuba guminsa a ciki. Mun ga kuma cewa ƙagaggun labaranmu, daga 1933 zuwa shekarun 1990, sun ɗauki komowa gida a matsayin sakamakon hali, kuma sharuɗɗan da suka sa darasin Kitsen Rogo ya zauna daidai a 1978 sun gurgunce a ƙasar Zamfara.

Shawarata ga 'yan'uwana malamai biyu ce. Ta farko, mu ci gaba da koyar da waɗannan littattafai, amma tare da tarihin shekarun da suka haife su, mu kuma bar ɗalibi ya auna su da abin da ya baro a gida, ko da awon zai saɓa wa abin da ke cikin takardar amsoshinmu. Ta biyu, a darussan ƙaga labari mu ƙarfafa wa ɗalibai su rubuta gidajensu yadda suke. Ɗalibin nan na Karakkai na ba shi wannan aiki a ƙarshen zango, ya kawo mini shafi shida a kan ranar da aka raɗa wa ɗan ƙanensu suna, yayan nasu yana raba goron da ba shi ya saya ba. Akwai kurakuran rubutu a ciki da yawa, na gyara masa su, na ce ya ci gaba.

Allah ya sa mu dace. Wassalam.